Me ya haɗa “tell” da “teller” na banki? Bayani kan kalmar Turanci da ta faro daga ƙirga

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta matso sai tambaya ɗaya ta dawo a ajujuwa da gurup-gurup ɗin ɗalibai na WhatsApp, wai mene ne bambancin “say” da “tell”, kuma me ya sa malami zai ja jan biro a kan “he said me” alhali a Hausa “ya ce min” daidai ne babu mai ce maka kanzil? Ga kuma wani ruɗanin da mutane da yawa ba su ma tsaya sun yi tunani a kai ba: idan “tell” tana nufin faɗa, to me ya sa ake kiran wanda ke zaune a kantar banki “teller”, bayan shi aikinsa karɓar kuɗi da biya, wani lokacin ma ko uffan ba zai ce maka ba har ka bar gabansa?

Amsar tambayoyin nan biyu guda ce, kuma tana cikin tarihin kalmar.

Ma'anonin da kalmar ke ɗauke da su yau

Ma'anar da kowa ya sani ita ce isar da bayani ga wani. “She told me the news”, ta gaya min labarin. A nan Hausa tana da gaya wa, faɗa wa, sanar da, shaida wa, duk suna iya zama a gurbinta gwargwadon wanda ake magana da shi.

Ta biyu ita ce bayar da labari mai tsawo, wanda yake da farko da tsakiya da ƙarshe, kamar tatsuniya ko tarihi, “tell a story”. Ta uku umarni ne, kuma wannan a riƙe ta da kyau don za mu dawo kanta: “He told me to sit down” ba labari ya ba ni ba, ce min ya yi in zauna.

Daga nan sai ma'anar da ta fi rikita ɗalibai, inda babu magana kwata-kwata, wato ganewa ko bambancewa. Idan Bature ya ce “I can tell you are tired” ba wai zai gaya maka ka gaji ba ne, cewa yake na lura ka gaji, na gani a jikinka, abin nan dai da Bahaushe ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ya ce “I can't tell the twins apart” yana nufin ba ya iya bambance Hassan da Hussaini. Yaron da ya iya “tell the time” shi ne wanda zai kalli agogo ya san ƙarfe nawa, ko da bai buɗe baki ba.

Akwai kuma tona asiri, “don't tell” wato kar ka fasa ƙwai, da “tell on someone” wato kai ƙararsa wurin babba irin yadda yara ke yi. Amma wannan “tell on” ɗin idan wahala ko shekaru ne suka yi ta, ma'anar ta koma nunawa a jiki, “the work is telling on him”, aikin ya fara cinsa. “Tell off” kuwa faɗa ne, a wanke mutum tas. Mai jin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba sosai tunda mu ma muna da “ya faɗa masa” da “ya yi masa faɗa”, rubutu iri ɗaya amma ma'ana daban.

Daga ina ta fito

Turanci ya samo asali ne daga harsunan wasu ƙabilu da suka tsallaka daga yankin arewacin Jamus da Danmak na yanzu zuwa tsibirin Birtaniya tun wajen ƙarni na 5, su ne Angles da Saxons da Jutes. Harshen da suka yi amfani da shi har zuwa wajen shekarar 1100 shi ake kira tsohon Turanci, kuma wanda ya iya Turancin yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya kamar baƙon yare.

A wancan harshen kalmar “tellan” ce. Ma'anarta ta haɗa da ƙirga, lissafa, ƙiyasta darajar abu, da kuma zayyana labari. Masana sun mayar da ita ga wani tushe na harshen da ya haifi Turanci da Jamusanci da yaren Holan da na ƙasashen Sikandinebiya, tushen da suke rubutawa “taljan”, wanda ke nufin ambaton abubuwa a jere ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan gidan ne kalmar “tale” ta fito, wadda yau take nufin tatsuniya ko hikaya amma a da har adadi take nufi, kuma galibin ƙamusoshi suna danganta “talk” da gidan nan ma.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana wurin 'yan uwan Turanci. A Jamusanci har yau “zählen” ƙirga ne, “Zahl” lamba ce, sai aka ƙara ɗan gaɓa a gaba aka samu “erzählen”, ba da labari. A yaren Holan “tellen” ƙirga ne, “vertellen” ba da labari. Kar harafin z na Jamusanci ya ruɗi mutum, akwai wani sauyin sauti da ya faru a harshen wanda ya mayar da t zuwa z a farkon kalma, shi ya sa “ten” na Turanci ya zama “zehn”, “two” ya zama “zwei”, “tongue” ya zama “Zunge”. Wato Jamusawa da mutanen Holan sun bar wa ainihin kalmar ma'anar ƙirga suka ƙirƙiro wata don labari, su kuwa Ingilishi sai suka yi akasin haka.

To me ya sa suka yi akasin? Babban dalili shi ne abin da ya faru a 1066, lokacin da Wiliyam sarkin yaƙin Nomandi ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila. Shekaru ɗaruruwa bayan nan Faransanci ne harshen fada da kotu da masu mulki, kalmominsa suka kwararo cikin Turanci, a cikinsu har da “count” da “account” da “number”. Sannu a hankali “count” ta ƙwace aikin ƙirga, “tell” ta rage da aikin magana. Ba dare ɗaya abin ya faru ba fa, don a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 har lokacin akwai wurin da aka ce wa Annabi Ibrahim ya dubi sama “and tell the stars”, kuma abin da ake nufi shi ne ya ƙirga taurarin in zai iya.

Masana sun ɗan bambanta a kan yadda ma'anonin biyu suka haɗu. Wasu suna ganin ƙirga ce ta fara zuwa, daga ƙirga aka koma jero abubuwa da baki, daga jerowa aka koma labari. Wasu kuma suna ganin asalin ma'anar ita ce jeri ko tsari kawai, sai ƙirga da labari suka fito daga ciki kamar rassa biyu na itace ɗaya, tunda duka biyun suna nan a tsofaffin rubuce-rubuce. Kowanne aka ɗauka dai abin da ke tsakiya bai canza ba, jera abu ɗaya bayan ɗaya a gaban wani.

Me ya sa “told” ba “telled” ba

Wannan ma tsohon gado ne. A asali wasalin kalmar “a” ne, amma a sigar da ke nuna aikin da ake yi yanzu, wadda ta zama “tell”, a da akwai wani sauti mai kama da “y” a bayanta wanda ya ja wasalin ya koma “e”, daga baya shi sautin ya ɓace ya bar tabonsa. Sigar da ke nuna aikin da ya shuɗe kuwa ba ta da wannan sautin don haka ta riƙe wasalinta, aka samu “talde” a wasu yankuna da “tealde” a wasu, da tafiya ta yi tafiya “talde” ta zama “told”. Hanyar nan ce dai “sell” ta bi ta zama “sold”, shi ya sa suke tafiya tare.

Inda tsohuwar ma'anar ta ɓuya

Yanzu sai mu koma banki. “Teller” mai ƙirga ne, ba mai faɗa ba. A baitulmalin Ingila na da akwai wasu jami'ai da ake kira da wannan sunan, su ke karɓar kuɗin da aka kawo wa gwamnati su ƙirga su rubuta, muƙamin ya daɗe sosai kafin a soke shi a 1834. Bankuna suka gaji sunan. Harafin T da ke tsakiyar ATM ma wannan kalmar ce, wato na'ura mai yin aikin mai ƙirgan kuɗi da kanta, kuma irinta ta farko da aka fi ambata ita ce wadda bankin Barclays ya kafa a unguwar Enfield ta Landan a 1967.

A Najeriya sai kalmar ta sake yin wani tsalle. Mu idan aka ce “ka kawo teller” ko “ka cike teller”, takardar shaidar biyan kuɗi ake nufi, wadda ɗalibi zai kai makaranta ya nuna ya biya kuɗin zango. Wanda ya je banki a Landan ya ce a ba shi “teller” ya cike ba za su gane ba, don a can mutum ne ba takarda ba.

A majalisar dokokin Birtaniya ma sunan yana nan da ransa. Idan aka zo ƙuri'ar da sai an raba 'yan majalisa gida biyu, ana naɗa mutum huɗu, biyu daga masu goyon baya biyu daga masu adawa, su ƙirga mutane yayin da suke wucewa sannan su zo gaban kakaki su sanar da sakamako, su ma “tellers” ake ce musu. A wurinsu ma'anonin biyu sun haɗu, sun ƙirga kuma sun faɗa.

Sauran ɓurɓushin sun haɗa da “all told” wato jimilla, idan an haɗa duka, da kuma tsohuwar magana “tell one's beads” wadda ke nufin jan carbi, ƙwaya bayan ƙwaya. “Tell the time” da muka ambata a sama ita ma ta fi sauƙin fahimta idan mutum ya tuna zamanin da ake sanin lokaci ta hanyar ƙirga bugun ƙararrawa.

Ba Turanci kaɗai ke da wannan ba

'Yan uwanmu na Maradi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san “compter”, ƙirga, da “conter”, ba da labari. Furucinsu ɗaya, asalinsu ma ɗaya, kalmar Latin ce “computare” wadda ita ce kuma ta haifi kwamfutar da ke gabanmu. A Sifaniyanci “contar” ita kaɗai tana yin aikin biyun. Turanci da kansa ya maimaita abin da kalmomin aro, “account” asusun banki ne kuma bayanin abin da ya faru ne, “recount” sake ƙirga ƙuri'a ne kuma zayyana labari ne.

Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Lissafi da muka aro daga hisabi na Larabci na kuɗi ne da lambobi, amma muna cewa “ya zauna ya lissafa min duk abin da aka yi masa”, kuma kowa ya san ba kalkuleta ya ɗauko ba.

Masu kama da ita amma ba dangi ba

“Tele” da ke farkon kalmomin da suka ba mu tarho da talabijin daga Girkanci take, ma'anarta nesa, babu abin da ya haɗa ta da “tell”. Haka “tally” duk da ita ma ƙirga ce, daga kalmar Latin mai nufin sanda ta fito, sandar da ake yi wa tsaga don riƙe lissafi. “Tell” ko “Tel” da ake gani a sunayen wurare a Gabas ta Tsakiya kuwa tudu ne na tsohon kufai, daga Larabci da Ibrananci.

“Say” da “tell”, da inda Hausa ke shigowa

“Say” daga wani gida daban ta fito, tsohuwar sigarta “secgan”, 'yar uwar “sagen” ta Jamusanci. Ita hankalinta yana kan kalmomin da suka fita daga baki, ko akwai mai saurare ko babu. “Tell” kuwa hankalinta yana kan wanda aka isar wa saƙon da abin da ke cikin saƙon, kamar dai mai ƙirga kuɗi a hannun wani. Shi ya sa “tell” take son a ambaci mutum nan take a bayanta, “tell me”, “told Musa”, ita kuma “say” ba ta yarda mutum ya biyo ta kai tsaye sai an sa “to” a tsakani, “he said to me”.

Matsalar mai jin Hausa daga nan take tasowa, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, tsarin harshensa ne yake aiki. A Hausa duka kalmomin suna karɓar mutum ta hanya ɗaya, ya ce min, ya gaya min, ya faɗa min, Basakkwace ya ce ya hwaɗa min, don haka idan ɗalibi ya juya “ya ce min” kalma da kalma sai ta ba shi “he said me”. Idan ya juya “ya faɗa cewa zai zo” sai ta ba shi “he told that he will come”, inda Bature zai tambaya, ya gaya wa wa? Sai kuma wanda ya ji an ce a sa “to” ya wuce gona da iri ya rubuta “he told to me”. Uku ɗin nan su ne manyan ramukan.

Amma fa akwai wuraren da “tell” ke tafiya ba tare da an ambaci mutum ba, kuma sai dai a haddace su: “tell the truth”, “tell a lie”, “tell a story”, “tell a joke”, “tell the time”, “tell the difference”. A nan ma Hausa tana jan mutum wani wajen, don “faɗi gaskiya” ita ke haifar da “say the truth” da ake yawan ji a nan. A ɗaya ɓangaren gaisuwa da addu'a da ban haƙuri na “say” ne, “say sorry”, “say goodbye”, “say a prayer”, saboda a nan furta kalmomin ne aikin.

Kuskure ne ko Turancinmu ne?

A nan akwai ra'ayi biyu kuma kowanne yana da abin riƙewa. Malaman da ke shirya ɗalibai don jarrabawa suna cewa ma'aunin da ake gyara takarda da shi daidaitaccen Turanci ne, mai gyara ba zai tsaya tambayar yaren ɗalibi ba, kuma wanda zai rubuta takardar neman aiki ko ya zauna jarrabawar IELTS don fita waje da wannan ma'aunin za a auna shi. A wurinsu sassauci a aji cutar da yaro ne.

Masana harshe da dama kuma suna cewa Turancin Najeriya nau'i ne mai zaman kansa kamar na Indiya ko na Amurka, kuma suna nuna cewa a watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Najeriya, ciki har da “okada” da “danfo” da “Kannywood”, da “gist” a ma'anar hira da gulma. Suna ƙarawa da cewa ita kanta “tell” ɗin ai ba haka take ba shekara dubu da suka wuce, masu magana ne suka juya ta.

Idan aka duba da kyau ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Abin da ƙamus ya karɓa kalmomi ne da ma'anoni, kuma “teller” a ma'anar takarda irin wannan sauyin ne, ya zauna a bakin kowa har da ma'aikatan bankin. “He said me” kuwa ginin jimla ne, kuma ko a cikin Najeriya jaridu da kotuna da jami'o'i ba sa rubuta shi. Pidgin ma da ake ganin ya fi sakin jiki ya raba su, “I tell am say make e come”, mutum yana bin “tell”, maganar tana bin “say”.

Yadda abin ke shafar mutum a zahiri

Ga ɗalibi maki ne kai tsaye, musamman a tambayoyin mayar da maganar wani zuwa rahoto. “Sit down,” he said, tana komawa “he told me to sit down”, idan kuma roƙo ne sai “asked” ta shigo.

Ga ma'aikacin ofis kuwa abin ya shafi ladabi. A Hausa “gaya masa ya kira ni” magana ce ta yau da kullum tsakanin sa'o'i, amma ko mu idan babba ne ai muna sauya baki mu ce “don Allah a shaida wa ranka ya daɗe na zo”. To “tell the director to call me” a kunnen mai Turanci umarni ne daga sama zuwa ƙasa, wanda ya rubuta haka a imel yana iya ɓata wa wanda yake neman alfarma wurinsa rai bai sani ba, abin da ya dace a nan “ask” ne, ko “please let him know”.

A ofishin 'yan sanda da kotu nauyin ya fi haka. “He told me he took the money” da “he told me to take the money” ƙaramin bambanci ne a rubuce, amma ta farko tana cewa wancan ya amsa min shi ya ɗauka, ta biyu tana cewa ni na ɗauka bisa umarninsa. Mutumin da ya ba da jawabinsa da Hausa wani ya rubuta masa da Turanci yana da buƙatar a karanta masa a fassara masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala, kuma tafinta a kotu aikinsa ke nan ya raba “ce min ya yi in yi” da “ce min ya yi ya yi”.

Sai masu hira da Turawa a intanet ko wurin aiki a waje, inda wasu maganganun ba sa nufin abin da suka yi kama da shi. Ka yi wa abokin aiki kukan tsadar haya ya ce “tell me about it”, ba cewa yake ka ba shi labari ba, cewa yake bari kawai, ni ma abin da ke damuna ke nan. “You're telling me” daidai take da namu “ni za ka gaya wa?”. “I told you so” ita ce “ba ga irinta nan ba”, kuma kamar a Hausa, ba a faɗa wa wanda ke cikin zafin asara. “Time will tell” kuwa ita ce ta fi kusa da rana ba ta ƙarya, kuma “tell” ɗin da ke cikinta ta nunawa ce, irin wadda ke cikin “the work is telling on him”.